Makon da Harlan Tibbs Ya Nemi Ɗan Sanda Ya Tsayar da Shi

A garinmu Tolliver babu wanda bai san ranar da Harlan Tibbs ya karɓi lasisin riƙe bindiga ba, domin shi da kansa ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya sanar da su. Shekararsa hamsin da tara, yana sayar da abincin shanu a bakin babban titi, ga malafa mai faɗi, ga baki da ya fi malafar faɗi. Wuni ɗaya tak ya yi a ajin masu neman lasisi, amma ya fito yana taku kamar wanda ya gama makarantar soja. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. To shi Harlan ado yake yi da nasa ƙuƙumin.

Cikin duk abin da aka koya musu, babu wanda ya zauna masa a ka kamar yadda mai bindiga zai yi idan 'yan sanda suka tsayar da shi a hanya. Kowace safiya a gidan abincin Opal, inda mazan gari suke shan kofi kafin kowa ya kama gabansa, sai ya ture farantin ƙwansa gefe ya damƙi iska da hannu biyu.

"Da ka ga fitilarsu a madubi, ka gangara gefe. Ka kashe mota. Ka sauke gilashi. Hannu biyu a kan sitiyari, inda zai gan su. Kafin ya ce uffan ka gaya masa kana da lasisi, kana da bindiga, ga inda take. Daga nan kuma ka zama dutse. Ko ƙuda ne ya sauka a hancinka, sai ka nemi izini kafin ka kore shi."

Abin haushin shi ne duk gaskiya yake faɗa. Da ƙarya ce da an samu inda za a kama shi a huta.

Ana cikin haka tsoho Lemuel Gaines, wanda ya shekara ashirin yana koya wa sababbin 'yan ƙungiyar maharba wannan darasi, ya ce gwiwoyinsa sun gaji da tsayuwa, ranar Asabar a zaɓi wani. Muƙamin ba shi da albashi. Abin da ke cikinsa allo ne da alli, da mutum goma sha biyu waɗanda dole su zauna su saurare ka awa biyu cur kowane wata, ba mai katse ka. Tun da aka haifi Harlan bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so wannan ba.

Ranar Litinin ya sanar da takararsa a teburin Opal. Purvis Daggett, mai haƙar rijiya, shi ma ɗan takara, wanda tun suna firamare ba su taɓa yin baki ɗaya da Harlan a kan komai ba, ya ci gaba da juya sukari a kofinsa.

"Harlan, sau nawa aka taɓa tsayar da kai?"

"Ba wannan ce maganar ba."

"Ita ce mana. Sau nawa?"

"Shekara arba'in da ɗaya ina tuƙi, ba ɗan sandan da ya taɓa ɗaga mini hannu."

"Au, to. Wanda bai taɓa jiƙa ƙafa ba ne zai koya mana iyo." Purvis ya kurɓi kofi. "Ni sau uku. Ɗaya ma har da kare suka zo."

Teburi ya kwashe da dariya. Harlan ya miƙe, ya ɗora malafarsa, ya nuna babbar tagar da ke kallon titi.

"Kafin Asabar za a tsayar da ni. Kuma a nan, gaban wannan tagar. Kowa ya ajiye cokalinsa ya ga yadda ake yi."

"In abin zai zo da harbi ka ɗan matsa gaba," in ji Opal daga bayan kanta. "Jiya na wanke gilashin."

A bakin ƙofa Lemuel ya riƙo hannun rigarsa. Tsohon mai raba wasiƙu ne, ba ya ɗaga murya.

"Harlan, abin nan da kake nema, ni shekara hamsin ina addu'a kada ya same ni, kuma ya same ni ba sau ɗaya ba. Baƙin mutum irina da bindiga a mota, ko lasisi goma gare shi, gabansa faɗuwa yake yi har a sallame shi. Ba don burga nake koyar da darasin nan ba. Don mutum ya koma gida ne, shi ma ɗan sandan ya koma wurin iyalinsa."

"Shi ya sa ni ne na dace in gaje ka, Lemuel," Harlan ya ce yana dafa kafaɗarsa. "Ni da kai mun fahimci juna."

Lemuel ya bi shi da kallo har ya shiga mota.

Da yamma ya zauna ya rubuta jawabin da zai yi wa ɗan sanda, shafi biyu, ya bi matarsa Wanda har cikin lambun tumatirinta yana karanta mata. Ta saurara tana ban ruwa har ya kai inda kakansa ya iso wannan yanki da keken doki.

"Ya yi tsawo," ta ce.

"Wanda, wannan harkar maza ce."

"To."

Ranar Talata ya fita farautar 'yan sanda. Kowa ya san inda 'yar sanda Renata Ochoa take fakewa da motarta, bayan tankin ruwa a hanyar fita gari, da na'urar auna gudu a hannu. Haihuwar garin ce, Harlan ya sha sayar wa mahaifinta dusa tana zaune a bayan mota da kitso biyu. Dokar wurin mil hamsin da biyar ce a awa. Harlan ya ja baya har kusan mil biyu don ya samu wurin ɗaukar wuta, ya take totur har ƙasa. Tsohuwar akori-kurarsa, wadda ta girmi Renata da shekara shida, ta yi gurnani, ta yi tari, ta karkaɗa kowane ƙusa da ke jikinta, ta kai mil hamsin da biyu ta ce iyakarta ke nan. Ya wuce tankin hayaƙi na bin sa. Renata ta ɗago hannu ta gaishe shi.

Ya juyo ya sake. Ta sake gaishe shi. A karo na huɗu ta leƙo ta taga ta yi masa alama da hannu, ya ɗauka tsayar da shi za ta yi, ya rage gudu.

"Mista Tibbs, wani abu ka yar a hanya? In taya ka nema?"

Ranar Laraba ya cire ƙwan fitilar baya ya jefa a aljihu. Sai da ya wuni yana zagaya gari sannan ya tuna cewa fitilar baya da dare ake ganinta, shi kuwa likita ya hana shi tuƙin dare tun bara. Ya koma kan allon tsayawa na mararrabar coci, ya ƙudura zai wuce shi ba tare da ya tsaya ba. Sau uku yana zuwa, sau uku ƙafarsa tana taka birki da kanta. Shekara arba'in da ɗaya tana bin doka, ba a wuni ɗaya za a lalata mata tarbiyya ba.

Ranar Alhamis ya rufe kansa a ofishin shago, ya toshe hanci da yatsa biyu, ya buga waya ofishin 'yan sanda.

"Ina so in kai ƙarar wani direba. Koriyar akori-kura, yana tuƙin ganganci a babban titi. Mutum ne mai haɗari, a tsayar da shi."

"Mista Tibbs?" in ji matar da ke ɗaukar waya, wadda suke rera waƙa tare da Wanda a coci. "Mura kake yi? Ka sha zuma da lemon tsami. Ka ce wa Wanda ta dawo mini da kwanona."

Kafin a rufe shaguna duk gari ya ji. Purvis ya biyo ta shagon musamman, ya ce idan abin ya gagara yana da tsohuwar hular 'yan sanda ta wasan yara, zai iya tsayar da shi a bayan gida, ba sai an gaya wa kowa ba.

Safiyar Juma'a Harlan ya tashi jiki ba ƙwari. Gobe zaɓe, kuma har yanzu shi ne mutumin da ya fi kowa bin doka a faɗin gundumar. Wanda ta aike shi gonar wani ɗan cocinsu ya ɗauko kankana arba'in na walimar Lahadi. Ya loda su yana tunanin yadda Purvis zai riƙe alli, ya tura ƙofar bayan motar da gwiwa, bai sa sakata ba.

Babban titinmu hawa ne tun daga layin dogo har gidan abincin Opal. Yana fara hawan ƙofar ta buɗe. Kankana ta farko ta faɗo ta fashe a gaban motar Renata, wadda ta fito daga kwana a bayansa. Ta biyu ta bi ta ƙarƙashin motar. Renata ta kunna fitila.

Harlan ya ga ja da shuɗi suna walƙiya a madubinsa, idonsa ya kawo ruwa. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Bai san laifin da ya yi ba, bai kuma damu ya sani ba. Matsala ɗaya ce: saura rabin mil a kai tagar Opal. Ya wuce filin coci, shimfiɗaɗɗe, ba kowa. Ya wuce gidan mai. Renata ta saki jiniya, ya ce a ransa madalla, yarinyar nan ta san aikinta, yanzu kowa zai fito. Sai da ya zo daidai tagar, inda gangaren ya fi tsanani, sannan ya ba da sigina ya tsaya.

Ya kashe mota, ya sauke gilashi, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. A lokacin ne ya tuna giyar motar tana firi, ba ta cikin kowace lamba, kuma bai ja birkin hannu ba. Birkin yana ƙasa a gefen kujera, dab da ƙugunsa na dama, inda bindigar take. Ya dubi madubi, Renata ta riga ta fito. Kai hannu can yanzu shi ne ainihin abin da ya yi wata uku yana ce wa mutane kada su kuskura. Sai ya danne birkin ƙafa da ƙarfi ya miƙe wuya. A bayan gilashin Opal kawuna sun jeru.

Renata ta iso tana haki. "Mista Tibbs, ƙofar bayanka..."

"Ranki ya daɗe, kafin ki ce komai." Ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gidan abinci. "Sunana Harlan Tibbs, ɗan ƙasa mai bin doka. Ina sanar da ke, cikin girmamawa, cewa ina da lasisi, kuma ina ɗauke da ƙaramar bindiga a ƙuguna na dama."

"Na ji. Duk gari ya sani. Bar ta inda take. Kankanarka ce..."

"Na biyu, hannuwana suna inda kike ganinsu, kuma ba za su motsa ba sai da izininki."

Tim! Wata kankanar ta sauka ta kama hanyar layin dogo ita kaɗai.

"Na uku, zuri'armu ta daɗe tana mutunta masu ɗamara. Kakana, lokacin da ya iso wannan yanki..."

"Mista Tibbs, don Allah."

Ya kai tsakiyar labarin keken doki ke nan sai jijiyar ƙafarsa ta ɗaure. Duk wanda ya taɓa danne birkin tsohuwar mota a gangare injin a kashe ya san abin da nake nufi. Gumi ya karyo masa, ƙafar ta fara rawa, motar ta fara silalewa baya a hankali. Renata ta ga tagar da take magana da ita tana barinta, ta bi ta da ƙafa.

"Motarka tana tafiya."

"Na lura, ranki ya daɗe."

"To ja birkin hannu!"

"Ina neman izinin sauke hannuna na dama daga kan sitiyari."

"Na ba ka!"

"Ya zama dole in sanar da ke cewa tsakanin birkin da bindigar bai fi yatsa huɗu ba."

"Harlan Tibbs, ja birkin nan!"

"A hankali zan yi, don kada ki tsorata."

A hankali kuwa ya yi. Duk wanda ya gani ya shaida ba a taɓa sauke hannu cikin natsuwa irin wannan ba. Hannun bai kai rabin hanya ba akori-kura ta zauna a kan hancin motar 'yan sanda. Fitilun gaba suka tarwatse, jiniya ta yi wani ɗan kuka ta mutu, kankanar da ta rage ta kwararo gaba ɗaya a kan gilashin. Sannan Harlan ya ja birkin hannu, ƙarat, ya mayar da hannunsa kan sitiyari.

"Na ja, ranki ya daɗe."

Mutanen Opal suka fito, wasu da cokali a hannu. Purvis ya zagaya motocin biyu da kofinsa, ya tsallake wani ɓarin kankana, ya tsaya a taga.

"Wannan a darasi na nawa yake, Harlan? Ina so in rubuta."

Renata ta cire hularta ta share ruwan kankana daga goshi. Ba ta yi dariya ba.

"Rabin mil na bi ka da fitila da jiniya ba ka tsaya ba. Ni na san ka tun ina yarinya. Da baƙon ɗan sanda ne, wanda bai san ka ba, ya ga mota ta ƙi tsayawa, ya zo mutum yana ihun bindiga, sannan motar ta taho kansa, me kake jin zai yi?"

Harlan ya mayar da idonsa kan sitiyari. Ta ciro littafinta ta fara rubutu, ta cika takarda ɗaya, ta juya ta biyu.

"Ni abin da ya ba ni mamaki," ta ce tana rubutu, "me ya hana ka tambayi matarka? Sau tara na tsayar da ita bana."

Kowa ya waiwaya. Wanda tana tsaye a bakin kantin magani da jakarta a hannu, tun ɗazu tana kallo.

"Wace matar?" in ji Harlan.

"Mata nawa gare ka? Gudu take yi kamar ana bin ta. Amma in na tsayar da ita, kafin in iso ta kashe mota, takardunta biyu suna saman sitiyari, ta ce mini bindiga tana cikin jaka, jaka tana kujerar baya. Minti ɗaya mun gama. Da kowa irinta ne da ban san ciwon kai ba."

Harlan ya juya wuyansa kawai, hannuwa suna inda suke. "Wanda, bindiga gare ki?"

"Shekara goma sha biyu ke nan."

"Ba ki taɓa gaya mini ba!"

"Sau uku na gaya maka. Kana magana."

Aka zo da motar ja ta tafi da motocin biyu. Walimar Lahadi kuma sai lemon kwalba aka sha.

Ranar Asabar ɗakin taron maharba ya cika har da waɗanda suka shekara ba su zo ba. Harlan ya zo da jawabin takara, ya ce abin da ya faru jiya ya nuna cewa ko duniya za ta tashi hannunsa ba ya barin sitiyari. Purvis ya ce hakan ne, duniyar ma ta kusa tashi. Lemuel ya bar su suka gama, sannan ya miƙe da sandarsa ya ce shi dai in za a ji ta bakinsa, yana so ya bar allin a hannun wanda 'yan sanda da kansu suka yaba. Wanda ta ce ita ba ta nema ba. Aka ce ai shi ya sa. Da aka ce a ɗaga hannu, har Purvis ya ɗaga, ya manta shi ma ɗan takara ne.

Ita ta tuƙa su gida a ƙaramar motarta, tun da akori-kura tana gareji. Harlan yana gefe, malafa a cinya, akwatin alli yana kujerar baya. Ba su yi mil uku ba fitila ta haska a madubi. Wani ɗan sandan babbar hanya ne, baƙo, wanda bai san kowa a Tolliver ba, ya taho hannunsa kusa da ƙugu. Harlan ya damƙe malafarsa. Wannan ba a gaban tagar Opal ba ne, ba kuma mai kallo.

Wanda ta riga ta kashe mota ta ja birki. Ta gaishe da mutumin, ta faɗi maganarta guda biyu, lasisi da inda bindiga take, ta miƙa takardu. Ya duba, kafaɗunsa suka sauka, ya ce ta rage gudu, ya yi musu fatan alheri. Harlan bai ko gama haɗiye yawu ba suka hau titi.

Suka shigo layinsu. Sai da ta tsaya a ƙofar gida, yana kallon malafarsa, ya yi gyaran murya.

"Wanda."

"Na'am."

"Ajin naki, ƙarfe nawa ake farawa?"

"Bakwai."

"Zan ɗan leƙo. Don in ga ko kina yi daidai."

"To," ta ce, ta zare makulli. "Ka zo da biro. Kuma ba a magana sai an ɗaga hannu."